Kogin da Hashimu Ya Wanke

A Misfala, unguwarmu a Makka, ana cewa taubashina Hashimu ya auri aljana 'yar Yaban, wai ita ta haɗiye masa kayan ɗaki har da akwatin ƙarfe. Ƙarya ce, jama'a! Wace aljana za ta haye teku ta zo ta tare da tela mai warin man keke? Ni na san zancen, don a gadon bayana akwatin ya fita.

Matarsa Ramlatu a bakin kogin Haɗeja aka haife ta, tana ƙarama iyayenta suka taho da ita ta Sudan. Da tari ya kwantar da ita, ba ta roƙon komai sai ta ga ruwa mai tafiya. A Makka fa! Hashimu ya bi kasuwa har ya samo shamakin takarda mai ninkewa wurin wani alhaji Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, aikin Yaban, wato Japan. An zana kogi da baƙar tawada, dutse can nesa, gora ta sunkuyo. Bajawen ya ce mutanen can ba sa cika ɗaki, don ido ya sami wurin hutawa. Sai Hashimu, uban 'yan ɗaukar magana, ya kwashe komai na ɗakin, gado, jeren kwanuka, har ƙusar bango. Ya bar tabarma, finjalin shayi, da busasshen reshe a tulu.

Ramlatu ta kwanta tana kallon koginta har bayan hajji, sannan ta rasu.

Ɗakin bai canza ba. Lokacin alhazai kowa na ba da ɗakinsa haya ya koma saman soro, shi ko sarkin Jawa ne ya zo ba zai buɗe ba. In ya taso daga ɗinki, sai ya zauna inda take kwanciya, yana kallon kogin.

Sai gara ta fara cin gefen takardar. Gwaggonmu Baraka ta ce ai ga magani a ƙofar gida, alhazai ma a Zamzam suke tsoma likkafaninsu. Hashimu ya ɗebo, ya yi bismilla, ya yayyafa da hannu biyu. Tawada ta narke ta gangaro. Dutse ya tafi, gora ta tafi, kogin ya zama dabbare kamar bangon da akuya ta goga.

Har yau gabansa yake zama. Rannan na shiga na tsaya masa a kai.

"Ya shehu, barka da wanki! Halas, shi ke nan, bari in sa a kawo maka sabo daga Jidda, mai kifi da kwalekwale."

"Ba sabo ta kalla ba, Mahmudu."

"To me kake gani a wannan dattin?"

Bai ko ɗago kai ba.

"Kai ba ka taɓa rasa abin da ya wuce takalmi a ƙofar Harami ba. Matsa, ka tare ni."