Kifin da Yaya Sale ya kwaso a bakin bahar

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Sale a nan Makka, ga shi motar da ta ɗauke shi aiki ta dawo unguwarmu ta Mansur neman ɗansa.

Yayana ɗan dako ne a Mina. In hajji ya wuce, aiki ya wuce. Shi ya sa da wani jirgin kaya ya hau kan duwatsun bahar kudu da Jidda, yana tsiyayar baƙin mai, motar ɗan kwangila ta cika da ma'aikata nan da nan, har da shi. Aikinsu kwashe yashin da ya ɓaci. Injiniyoyi na can nesa cikin fararen kaya, hanci a rufe. Namu safar hannu kawai aka ba su. Me suke gudun shaƙa da ba su gaya wa namu ba?

Ga matattun kifi birjik a gaɓa. Mutanenmu suka tuna abin da suka ji a masallaci, cewa mushen teku halal ne, suka cika buhuna. Malam bai yi ƙarya ba, amma malam bai ga jirgin ba. Na shinshina na ce, "Yaya, warin kananzir yake, ba zai shiga kaskona ba." Ya yi dariya: "Ke Hanne, ko zamzam sai kin zarge shi." Suka gasa da abokansa.

Tari ya kama shi, fatar hannunsa ta saɓule, bai ƙara yin dako ba. A mustashfa, wato asibiti, aka ce ciwon ƙirji ne, halas, shi ke nan. Lokacin ban iya karatu ba. Sai da furfura ta fito na shiga makarantar manya, yanzu da kaina nake karanta sanarwar hukuma: an shawo kan lamarin, babu haɗari. Wa ya auna? A jikin wa?

Makon jiya wani jirgin ya maƙale. Faisal, ɗan Yaya, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya yi shirin bin motar, ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala, Gwaggo, yanzu akwai tsari." Na ce ya tambaye su me jirgin ya ɗauko, in sun faɗa, ya je. Da Yaya na nan, cewa zai yi in bar shi ya nemi abincinsa. Mutum ne mai yarda da kowa, shi ya sa mutanen Mansur ke son sa har gobe. Halin nan ya bar wa ɗansa, kuma shi nake tsoro.

Faisal ya tambaya. Direba ya ce ko ya hau ko ya ba wani wuri. Motar ta tafi ba shi, har yau bai leƙo ya gaishe ni ba. Bari ya daɗe yana fushin. Allah ya jiƙan Yaya. Ni dai gara fushin ɗansa da zaman makokinsa.