Jar Mota Mai Ƙwaƙwalwa Uku

Na daɗe ina sayar da motoci a Tudun Wada, kuma yawancinsu motocin kai yara makaranta ne da ɗauko buhun masara. Sau ɗaya na yi ganganci na sayo wata ja mai ƙofa biyu, mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Gajeriya ce har sai ka durƙusa kafin ka shiga.

Ranar da ta iso wani tsohon likita mai ritaya ya gan ta, ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bonat.

"Alhaji, tun ina ɗalibi nake son irin wannan. A shirya ta. Ranar Asabar zan zo in gwada, in ta yi mini na ɗauka, in ba ta yi ba na haƙura da ita gaba ɗaya."

Na san duk Zariya ba ni da wani mai saye sai shi. In ya tafi, motar za ta zauna a filina har kaji su yi ƙwai a ciki.

Muna da al'ada. Duk motar da ta shigo daga waje, bakanikena, wanda muka taso unguwa ɗaya, yakan cire mata tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi. Sai ya haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Hujjarsa ita ce an yi abin don ƙasar ƙanƙara, mu kuwa rana ta ishe mu. Ban taɓa musa masa ba. Ya yi wa jar motar haka, kamar yadda ake yi wa jariri aski.

Kwana biyu sai ta fara baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar rijiya, in ka taka ta sai ta yi nishi.

"Ƙwaƙwalwa ce," in ji bakanike. Yana nufin akwatin da ke faɗa wa inji yawan man da zai sha da lokacin da zai ba da wuta. "Ruwan teku ya taɓa ta. A canza."

Ya samo ta wata mota 'yar gidansu, amma marar turbo. Ya ce uwa ɗaya uba ɗaya ne. Muka sa, motar ta ƙi ko tari, don sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta san makullin ba.

Sai wani dillali a Kano ya aiko mini da ta 'yan tsere, ya ce da ita mota har tashi sama take yi. Wannan ta tashi kam. Na fita da ita wajen Kongo, ina ɗaga ƙafa daga totur salansa ta yi harbi biyu. Mai rake ya bar baronsa ya shige kwata. Da na dawo, maƙwabcina mai sayar da tayoyi ya ce, "Alhaji, mota kake sayarwa ko bindigar toka?"

Ranar Alhamis na ajiye girman kai na kira wata mata a Gyallesu mai duba mota da kwamfuta. Bakanike bai so ba. Ta zo ta jona wayarta ƙarƙashin sitiyari, tana kallon allo.

"Alhaji, ina ƙwaƙwalwarta ta asali?"

"Tana ofis, ta lalace."

"Wa ya ce?"

Na dubi bakanike, shi kuma ya dubi sama.

Aka mayar da ta asalin, ta bar injin yana aiki, ta nuna mini wata lamba da ta ƙi hawa. Ta ce ƙwaƙwalwar lafiyarta lau. Injin ne ba ya yin ɗumi, ita kuma tana zaton har yanzu sanyin asuba ake, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ta 'yan tseren kuwa sai an zauna an koya mata wannan injin da irin man da muke samu, in ba haka ba wata rana fistin zai narke.

Ta juya ga bakanike. "Oga, kai ka cire tamostat?"

"Madam, tun ba a haife ki ba nake cirewa, ba wadda ta mutu."

"Ba su mutu ba, jinya suke yi. Ina ka sa shi?"

Ashe bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Ya kai mu bayan garejinsa ya janyo wani tsohon bokitin fenti cike da su, na shekara da shekaru. Muka juye a tabarma, ni da babbar rigata na tsuguna muna tsinta kamar masu tsince shinkafa. Sai bayan la'asar muka samu nata, shi kaɗai ne bai yi tsatsa ba. Aka mayar, aka gyara wayar fanka, aka sa sababbin fulogi. Hayaƙi ya ɗauke.

Asabar likita ya zo da hular sanyi da takalmin wasa. Na zauna gefensa na riƙe ƙofa, ina jiran ya taka. Muka miƙe hanyar Dutsen Abba, titi fetal, mai keke ya wuce mu, ya waiwayo ya gaishe mu.

"Likita, tana da sauran giya huɗu fa."

"Na sani, Alhaji. Ina jin su, suna nan. Coci zan riƙa zuwa da ita, sai gidan 'yata."

Muka dawo fili ya kashe ta, ya zauna yana sauraron injin yana hucewa. Sannan ya ce a kawo takardu, a kuma kama hannunsa ya fito.