Ɗan Takara Mai Gyaran Fosta

A jikin wata katanga a Nassarawa GRA nake ganinsa, ya yi ɗage, babbar riga ta sha guga, gumi na bin ƙeyarsa. Fostarsa yake gyarawa da baƙin alƙalami. "Injiniya Haladu, ɗan takarar kansila," in ji fostar, hoton kuwa ya fi shi haske da ƙuruciya.

A ƙasan hoton akwai jerin lambobi, adireshin shafinsa na intanet. Mai gadin gidansa da ke nan kusa ya gaya mini shafin yana cikin wata tsohuwar kwamfuta ne a falon Injiniya, kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai lambobin su canja. Fosta dubu ya buga.

Yana soke bakwai yana rubuta biyu, harshe a waje kamar ɗan firamare. Ina jin ko matarsa ba ta taɓa buɗe shafin ba.

"Ranka ya daɗe," in ji mai gadin, yana nuna fankarsa da ta tsaya, "an sake ɗaukewa."

Injiniya ya waiga ya dubi katangun da ya gama. Wai wanda ya kasa riƙe adireshinsa ne zai riƙe mana mazaɓa.