Yara Sha Tara a Falon Lantana

A unguwar Karmo da ke Abuja, idan ka tambayi gidan Lantana sai a tsaya ana tunani, amma ka ce gidan Mama Raino, ko ɗan acaɓa zai kai ka har ƙofa. Shekara ashirin da bakwai ke nan da mijinta Ɗangoggo, mai sayar da hatsi, ya ɗauko ta daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Ba ta taɓa shirya yin sana'ar raino ba. Wata maƙwabciya ce ta samu aiki a kamfanin robobi a Idu, ta ajiye mata jariri wai na sati ɗaya. Satin bai ƙare ba wata ta kawo nata. Da Ɗangoggo ya rasu, shekara bakwai da suka wuce, rainon ne ya riƙe gidan. Ya bar mata ɗaki biyu da falo, da wasu ɗakuna uku a baya da gininsu ya kai linta ba a rufa ba.

Ta iya aikin, wannan babu mai musu. Ɗaya a goye, ɗaya a cinya, ƙafarta tana girgiza na uku. Daga kicin take gane kukan yunwa da na fitowar haƙori. 'Ya'yan Ibo da na Tibi da na Gwari duk a bakinta suka koyi cewa "ruwa".

Yarinya ɗaya ce kawai ba a taɓa ganin Lantana ta yi mata wasa ba, ita ce Kauthar, 'yarta ta fari. A garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane. Da an yaye shi sai a miƙa wa kaka, can zai sha gata. To a Abuja babu kaka. Kauthar ta tashi a falon nan tana kallon uwarta tana yi wa 'ya'yan wasu rawa, ita kuwa sunanta "ke" in tana kusa, "waccan" in ta yi nisa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta je kwalejin ilimi ta Zuba ta karanci tarbiyyar ƙananan yara, ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gwarimpa.

A farkon bara jami'an lafiya suka zo zagaye. Suka auna falon, suka ƙirga kawuna: sha tara. Babban cikinsu bai yi faɗa ba. Ya ce ɗaki irin wannan bai kamata ya wuce yara goma ba, ga taga ɗaya, ga banɗaki ɗaya. Ya ba ta wata huɗu: ko ta faɗaɗa wurin, ko ta sallami tara.

Kauthar ce ta ɗauki abin a kanta. Ta gano wata gidauniya da ke tallafa wa mata masu gidajen raino a unguwannin ma'aikata. Ta cike fom mai shafi goma sha huɗu. Ta bi masu bulo da masu kwano da kafinta ta karɓo farashi, ta roƙi mijin wata abokiyar aikinta ya zana mata taswirar ɗakunan baya kyauta. Wata Asabar da hantsi ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta danne gefunanta da kofuna.

"Inna, duba. Nan ɗakin barci, kowane yaro da gadonsa. Nan na wasa. Waɗannan ƙananan banɗakuna ne, daidai tsayinsu."

Lantana ta ɗora yatsa a kan wani ɗan murabba'i kusa da ƙofa. "Nan fa?"

"Ofis."

"Na wa?"

"Na manaja. Sharaɗinsu ne, sai da mai satifiket wadda za ta zauna a wurin kullum. Zan ajiye aikin Gwarimpa." Ta yi murmushi. "Ke kuma ki huta, Inna. Bayan nan naki ya sha goyo. Ai ma a tsarinsu ba a goyo da zani, kuma ba a haɗa yara a kwano ɗaya."

"Allah ya sa alheri," in ji Lantana.

Ta tashi ta shiga kicin ta tsaya a gaban murhun da babu komai a kai. Ta riga ta duba takardar nan sama da ƙasa, ta ga wurin tukunya, ta ga wurin kwandon shara, ba ta ga inda aka ajiye ta ba. Ba ta faɗa wa kowa wannan ba. Ko kanta ba ta faɗa wa ba da kyau. Abin da ta riƙa cewa a ranta shi ne, yaran zamani ba su da ta ido.

Ranar da gidauniya ta turo mutanenta, Kauthar ta nemi izini a makaranta ta dawo gida. Mutum biyu ne suka zo, wani injiniya da ya wuce baya da tef ɗinsa, da Madam Mabel, 'yar Kafanchan, mai tabarau da Hausa garau. Ta zauna a kan tabarma ba ta jira kujera ba, wani yaro ya haye cinyarta ya kama biron da take rubutu da shi.

"Mama, ni na zagaya wurare da yawa," in ji ta tana dariya. "Da na shiga nake sanin inda ake dukan yara. Naki ba sa tsoron mutum. Saura abu ɗaya. Wannan Kauthar da aka rubuta a matsayin manaja, yaya kuke da ita? 'Yarki ce?"

Lantana ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta. Har nan ba ta yi laifi ba. Duk macen garinsu haka za ta yi, kuma Mabel ta zauna da Hausawa, da an bar ta da shirun nan da ta gane. Kunya shiru take sa mutum, ba ta sa shi ƙarin bayani. Amma Lantana ta buɗe baki.

"Waccan? Tana dai taimaka mana in ta samu sarari. Tana da aikinta a cikin gari. Irin su ba zama suke yi ba."

Mabel ta cire tabarau. "Ba za ta zauna ba?"

"Wa ya sani? Yarinya ce. Gobe in miji ya fito ai shi ke nan."

Kauthar tana bakin ƙofa da tiren zoɓo a hannu. Mabel ta juya gare ta.

"'Yar'uwa, haka ne?"

Kalma biyu za su gyara komai. Amma gyaran yana nufin ta ƙaryata uwarta a gaban baƙuwa, kuma ita ma a gidan nan aka raine ta. Ta durƙusa ta ajiye tiren a hankali.

"Yadda Mama ta faɗa," in ji ta.

Mabel ta karɓe bironta daga hannun yaron ta yi ɗan gajeren rubutu. Ta sha zoɓon, ta yaba, suka tafi.

Bayan sati uku amsa ta zo a wayar Kauthar. Sun yaba da kulawar da ake ba yara, amma tunda mai wurin da bakinta ta ce manajar ba mai zama ba ce, ba za su iya sa kuɗin gini a bana ba. Ana iya sake nema baɗi. Wa'adin jami'an lafiya kuwa saura kwana goma sha takwas.

Kauthar ta fassara mata saƙon a tsakar gida, Lantana tana shanya wandunan yara a igiya.

"To, haka Allah ya so."

"Inna, ki bar Allah a nan tukuna. Tambaya ɗaya zan yi miki. Kunya ce?"

"Ke kin san al'adarmu."

"Na san ta. Shekara ashirin da shida ina cikinta. Ban taɓa cewa ki kira sunana ba, ban ce ki rungume ni ba. Da kin yi shiru ranar nan, wallahi da na ce kunya ce. Amma wa ya tambaye ki maganar miji?"

Lantana ta matse wani wando da ya riga ya bushe.

"A takardarki," ta ce da ƙyar, "har kwandon shara kin yi wa wuri."

Kauthar ta juya. Ta kalli ɗakunan da ba a rufa ba. Ita ma sai a lokacin ta ga abin da ta zana, ta kuma san cewa ba mantuwa ba ce zalla. Wani ɓangare na zuciyarta ya so ranar da uwarta za ta tsaya a ƙofar ofis ta nemi izinin shiga.

"Da kin faɗa mini," ta ce a hankali.

"Da kin tambaye ni."

Ba su ƙara ba. Kauthar ta koma Gwarimpa da koyarwarta, ta ce baɗi a ga abin da hali zai yi.

Lantana ta yanke shawarar sallamar waɗanda suka zo daga baya, don kada a ce ta yi zaɓe. Takwas ta gaya wa iyayensu cikin kwana biyu, kowacce ta ce mata jami'ai ne suka matsa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta tara ita ce Fortune, 'yar wata goma sha ɗaya. Uwarta Prudence tana aikin cika leda a wani kamfanin ruwa a Idu, mijinta yana Fatakwal, ba ta da kowa a Abuja. Ranar Juma'a da la'asar ta shigo da hular aiki a hannu, tana kiran 'yarta tun daga zaure da gurguwar Hausarta.

"Mama, yaya yaro na? Ya ci abinci? Wannan yarinya, ci kamar soja!"

Lantana ta kwance Fortune daga bayanta ta miƙa mata, sannan ta faɗa mata. Prudence ta zauna a kan bokitin da ke kife.

"Mama, ba ka ce masu kuɗi za su gina mana baya ba? Anti Kauthar ya nuna mini takarda, har da ƙaramin toilet."

"Ba su bayar ba."

"Kai! Mugayen mutane! Su zo su sha zoɓo su tafi? Ka bar su, Mama, Allah zai kama su ɗaya ɗaya."

Sauran takwas ɗin ma kusan haka suka ce, kuma Lantana ta bar su sun ce. Wannan karon ta kalli jakar Fortune da ta riga ta haɗa, da ɗan kofinta a sama.

"Ba su ba ne, Prudence. Sun zo da niyyar bayarwa. Ni na ɓata."

"Kai? Yaya ka ɓata?"

"Matar ta tambaye ni abu, na faɗa mata abin da na san zai hana."

Prudence ta kalle ta, tana jiran ƙarin bayani ko dariya. Babu wanda ya zo. Ba ta yi zagi ba, ba ta ma ɗaga murya ba, Lantana kuwa da zagin ta fi so.

"To Monday fa? Oga na ya ce in na ƙara fashi, shi ke nan. Ina zan kai shi?"

"Akwai wata a bayan coci, an ce tana karɓa."

"Wanda yake kulle yara ya tafi kasuwa?"

Prudence ta tashi, ta saɓa Fortune, ta rataya jakar. Yarinyar ta miƙo hannu tana son komawa wurin Lantana, uwar ta juya ta ta fuskanci hanya.

"Sai an jima, Mama," ta ce, ta fita.