Ranar da na rufe salak a cikin kula

Shekarun baya, wata ranar Asabar, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, mu uku ne a kicin ɗinmu na Old Trafford: ni da ko takalmin aiki ban cire ba, da 'yata ta fari mai shekara goma sha huɗu, da maigidana tsaye a bakin ƙofa riƙe da waya. Ya ce, "Sun baro Birmingham tun uku da rabi. Yaya ya ce biyar da rabi suna nan."

Kicin ɗin ƙauri yake yi. Tagogi a buɗe, tukunyar tuwona a jiƙe cikin ruwa, gindinta baƙi ƙirin.

Bari in koma baya kaɗan, don ba na son labari mara tsari.

Surukata, mahaifiyar maigidana, ta zo daga gida a duba mata ido, ta sauka wajen babban ɗanta a Birmingham. Da muka kai mata yara gaisuwa, ta ce wa babbar ta dama mata kunu. Yarinya ta shiga kicin ta jima, sannan ta leƙo ta tambaya da Turanci ina kwalin yake. Bayan kwana uku Hajiya ta kira 'ya'yanta ta ce in za ta koma gida da yarinyar za ta tafi, ta yi shekara ɗaya ko biyu a hannunta, ta koyi girki da Hausa. Maigidana ya ce, "To Hajiya, za mu duba." Duk wanda ya san gidajenmu ya san in ɗa ya faɗa wa uwarsa haka, rabin magana ta ƙare. Daga baya ta ɗan sassauta. Ta ce za ta zo Manchester ta ci girkin ƙawarta, haka take kiran jikar tata, sannan ta yanke shawara. Ranar Litinin za a yanki tikiti, ko ɗaya ko biyu.

Ni kuwa bakina a ɗaure yake. 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, balle in tsaya gaban suruka ina cewa a bar mini ɗiyata. Haka aka rene ni. Sai dai kullum in na wuce ɗakinta na ga jakar makarantarta a rataye, sai in tsaya ina kallon jakar.

Don haka na yi abin da na iya, wato tsari. Na rubuta takarda na manna a jikin firij. Ƙarfe tara a jiƙa shinkafa. Sha ɗaya a ɗora nama. Ƙarfe biyu a haɗa miyar taushe. Huɗu a tuƙa tuwo. Gaskiyar magana, ni na yi niyyar yin aikin duka, ita kuma ta riƙe muciya daidai lokacin da baƙi za su shigo. Ban yi alfahari da wannan ba, amma shi ne shirina.

Ranar Juma'a da yamma aka kira ni daga wurin aiki, wai in zo washegari Asabar. A kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi nake aiki a Salford. Shekarun nan ne da council, wato hukumar gari, ke ta rage komai, ana rufe wannan ana rage wancan, mu ma aka mayar da mu sai an kira ka za ka zo. Wadda ta ce a'a sau ɗaya, mako mai zuwa wayarta ba za ta yi ƙara ba. Na ce ina zuwa. Na bar yarinya da takarda. Ta bi takardar layi-layi har zuwa tuwo, tuwon ya kama, ta kashe wuta ta buɗe tagogi. A haka na same ta, ga shi babu sauran jiƙaƙƙiyar shinkafa da za a sake tuƙawa.

Ta ce, "Mama, ki bari in yi abin da na iya."

Na ce, "Me kika iya?"

"Taco salad."

Na san shi. A wani ɗakin taro na unguwarmu ta koya, inda ake koya wa yara girki ranar Asabar kafin shi ma a rufe shi. Ta sha yi wa ƙannenta, ni dai ban taɓa ɗaukarsa abinci ba. Na dubi agogo, na dubi tukunya, na dubi babanta. Ya ce, "Ni dai kada Hajiya ta zo ta tarar babu komai." Ya fita sharar falo.

Ban taɓa tsayawa na kalle ta tana aiki ba sai ranar. Ta soya albasa da tafarnuwa, ta zuba niƙaƙƙen nama, ta sa kayan ƙamshi da ɗan barkono. Ta tsane jan wake na gwangwani da masara ta juye a kai. Ta wanke latas ganye-ganye, ta shanya a tsumma. Ta yanka tumatir, ta goge cuku, ta matse lemun tsami a cikin yogot. Kowanne da kwanonsa. Sannan ta ɗauko leda biyu na chips, irin na masara mai kusurwa uku da ke ƙaras-ƙaras a baki, ta ajiye gefe. Ta ɗebi naman kason ƙannenta, da ke gidan maƙwabciya, ta rufe a ƙaramar tukunya, ta ware musu leda ɗaya. Ƙarfe biyar da minti biyar ta wanke hannu ta ce ta gama.

Na ce, "Kin gama me? Abinci a warwatse kamar kayan talla?"

Ta ce, "Sai sun zauna ake haɗawa. Chips a ƙarshe, Mama. Kuma ba a rufewa."

Nan na tsaya. A gidanmu ba a kai wa babba abinci a buɗe, ba a kai masa mai sanyi, kuma ba a barinsa ya zauna yana kallo ana haɗa masa. Abincin suruka yana cikin kula, a rufe, a kan tire, kafin ta taka ƙofa. Na ɗauko babbar kulata mai ruwan zinariya, wadda ba ta fita sai da dalili. Na ɗauraye ta da tafasasshen ruwa don ta riƙe zafi, kamar yadda nake yi wa tuwo. Na juye nama da zafinsa, na zuba latas, da tumatir, da cuku, da yogot, na farfasa chips a kai, na juya sosai.

"Mama, please. Zai yi laushi."

Na ce, "Ni za ki koya wa yadda ake tarbar baƙo? Je ki sa mayafi."

Na danne murfi na murɗa. Ƙarfe biyar da kwata. Har wani daɗi na ji, na ga komai ya koma kan tsari.

Biyar da rabi ta yi babu su. Shida saura kwata wan mijina ya bugo ya ce ana gyaran hanya, suna tafiya kamar a ƙafa. Na zauna, na tashi, na gyara labule, na sake goge tire. Duk wucewar da zan yi sai na kalli kular, amma ban buɗe ba, don buɗewa na fitar da zafi. Sai shida da minti ashirin suka iso. Aka yi gaisuwa, kun san gaisuwarmu ba ta da gajere. Aka kawo ruwa. Hajiya ta ce la'asar ta same su a mota, sai ta yi alwala ta yi salla. Ta idar ta ja carbi. Ta buɗe jaka ta rarraba tsaraba, yaji da kuka da ƙuli-ƙuli. Bakwai saura minti goma ta miƙe ƙafa a kan darduma ta ce, "To, ina ƙawata? A kawo mu gani."

Yarinya ta durƙusa ta ajiye tire. Ta murɗe murfin.

Tururi ya taso. Latas ya yi laƙwas ya koma kalar dafaffen alayyafo. Cuku ya narke ya haɗe da yogot, ruwa ya kwanta a ƙasa. Chips kuwa babu alamarsu, sun zama kamar burodin da aka manta a cikin shayi. Wan mijina ya leƙa, ya mayar da idonsa kan talabijin da ba a kunna ba.

Hajiya ta ce, "Fate ne?"

Yarinya ta ce, "A'a, Kaka."

"Miya ce? Ina tuwon?"

Hajiya ta yi bisimilla ta ɗebi cokali ɗaya. Ta tauna, ko da yake babu abin taunawa. Ta haɗiye, ta sha ruwa, ta ajiye cokali a hankali. Sannan ta juya wajen maigidana ta ce, "Ka gani ko? Ba laifinta ba ne. Babu inda za ta koya a nan. Ka gaya wa yayanka biyu zai yanka."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na dubi yarinyar. Abin da ya fi tsaya mini har yau shi ne ba ta kalle ni ba. Da ta ɗago ido ta ce Mama ce ta rufe, da an ce ba ta da kunya, amma da ta faɗi gaskiya. Ba ta yi ba. Ta mayar da murfi, ta ɗauki tire za ta fita, hawaye na sauka a kan mayafinta.

Shekara goma sha shida ina auren ɗan matar nan, ban taɓa musa mata ko da kalma ɗaya ba, ban taɓa yabon yarinyar nan a gabanta ba. Na zamo daga kujera na durƙusa.

Na ce, "Hajiya, a gafarce ni. Ba girkinta kika ci ba. Nawa ne."

Ta ce, "Naki kamar yaya?"

"Ita ta dafa komai daidai. Ta ce kada a haɗa sai kin zauna, ta ce kada a rufe. Ni na ƙi ji. Ni na zuba a kula."

"Ta faɗa miki?"

"Sau biyu."

Hajiya ta daɗe tana kallona da idon nan da aka yi wa aiki. Ta ce, "Yau kuma ke ce ke yi wa 'yar fari magana?" Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ta ɗaga murya kaɗan. "Ƙawata, dawo. Akwai saura?"

Akwai kason ƙannenta. Hajiya ta ce a kawo komai nan gabanta, a yadda mai girkin take so, kuma kada uwar ta taɓa ko cokali. Yarinya ta ɗumama naman, ta wanke sabon latas, ta jero kwanoninta a kan ledar cin abinci. Tana haɗawa tana bayani da Hausarta mai tuntuɓe. "Wannan first, Kaka. Sai nama. Sai wannan kaɗan." Da ta zo kan chips ta murƙushe su da hannu, ta barbaɗa a sama, ta tura kwanon da sauri. "Ci yanzu-yanzu."

Hajiya ta ce, "Ji min yarinya da ba da umarni."

Ta ɗiba. Duk falon muka ji ƙaras. Ta sake ɗiba. Ta ce a miƙo mata yajin da ta kawo, ta barbaɗa, ta ƙara. Sannan ta ce, "Wannan ai kwaɗo ne. Kwaɗon Turawa. Wa ya taɓa zuba kwaɗo a kula?"

Kowa ya san wa.

Ta cinye, ta suɗe cokali. Ta tambayi yarinyar me ya sa ba ta faɗi wanda ya ɓata na farko ba. Yarinya ta ce, "Mamana ce." Hajiya ta gyaɗa kai, ta juya wajen ɗanta.

"Ɗaya za a yanka. Wadda ta san ta rufa wa uwarta asiri, ba ladabi za a je koya mata ba. Tuwo kuwa, ga uwarta nan, in za ta bar ta ta ƙona tukunya biyu-uku." Ta dube ni. "In da akwai wadda zan tafi da ita, ke ce. Sai dai kin yi girma da koyon sauraro."

Wan mijina ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na shiga kicin na jingina da firij, takardar tsarina tana nan manne a saitin kaina. Na cire ta. Ƙannen da suka dawo ba su sami komai ba sai burodi da ƙwai, har yau suna yi mini gori.

Tun daga lokacin, duk Asabar wannan salak muke ci a gidan nan. Dokokinsa uku ne a wajena: nama ya ɗan huce, ganye ya tsane, chips kuma sai kowa ya zauna. Wani lokaci muna daka ƙuli-ƙuli mu barbaɗa tare, yadda Hajiya ta koya mana kafin ta koma. Yarinyar ta girma, ta iya tuwo fiye da ni, ko da yake ban taɓa gaya mata ba. Har yanzu ba na faɗin sunanta. Kular tana saman kabad. Duk ranar da na sauko da ita, sai na tuna saura ƙiris in rasa shekara biyu na ɗiyata saboda murfi.

Roƙona gare ku, iyaye mata 'yan uwana: in ɗiyarki ta ce miki kada ki rufe, ki ajiye murfin tukuna ki tambaye ta dalili. In kuma kin riga kin rufe, kada ki bari ita ta ɗauki tiren ta fita da laifinki.