Makullin Mashin a Kunnen Maigidana

Maigidana ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane tsakanin Bukkuyum da Gummi, ni kuma ina koyarwa a firamare. Tun da aka kai ni gidansa na tarar da shi da wata ɗabi'a. Da ya kashe mashin, kafin ma ya sauke ƙafa, sai ya zare makulli ya zura a kunne, ya lumshe ido yana murzawa kamar mai tuƙa tuwo. In makulli bai kusa, tsinken ashana ma ya yi. In babu ashana, to kajina su shiga uku, gashinsu yake figa ya sosa kunnen, don har sun gane shi, da ya shigo tsakar gida sai su watse.

Na sha ce masa, "Malam, wannan abu zai yi maka lahani."

"Ke ba ki san daɗin duniya ba," in ji shi.

Daga baya ya ci gaba, ya fara sayo tsinken auduga a kemis, wai shi ma ya waye. Ashe duk turawar da yake yi, dauɗar kunnen yake dannawa ciki, yana daɓe ta kamar daɓen ɗaki.

A hankali ji ya fara raguwa. Rediyo ya koma ƙure murya, har maƙwabta suka daina kunna nasu. Magana kuwa sai ka ce da wani yake yi a hayin gulbi. Wata rana ana tsakiyar zafin bazara na ce ya sayo mini barkono, sai ga shi da la'asar ya shigo da bargo a ɗaure bayan mashin, yana ta mita wai mata ba su da lissafin lokaci.

Shi dai bai yarda kunnensa na da matsala ba. A ganinsa mutane ne suka koma magana ƙasa-ƙasa. Da abin ya ishe shi, sai ya samo dabara: duk abin da aka faɗa masa bai ji ba, ya amsa da "amin" ko "madalla". Wani dattijo da ya ɗauko zuwa Gwashi, iska ta fizge masa hula, yana ta kiran a tsaya, maigidana na ta amsa masa da amin, ya ɗauka addu'ar hanya ce. Sai da tsohon ya ɗaka masa duka a gadon baya sannan ya taka birki.

Wadda ta tona asiri ita ce ta maƙwabcinmu. Ruwan damina ya rusa masa katanga, ya tare maigidana da safe yana gaya masa, rai a ɓace. Maigidana ya washe baki ya ce, "Madalla, Allah shi maimaita muna." Mutumin ya daina gaishe mu.

Labari ya kai ga Inna, mahaifiyarsa. Ta zo da sandarta da ɗan man shanu a gwangwani.

"Wanga ba banza ba ne," ta ce mini. "An yi mashi sammu. Amma dai kawo wuta in narka wanga mai in ɗiga mashi."

"Inna, ki yi haƙuri, mai zafi a kunne sai ya ƙone shi. Bari mu fara gwada asibiti."

"Mi kic ce?"

Na maimaita da ƙarfi. Ta taɓe baki ta ce mu je, ai za mu dawo mu same ta.

Muka hau mashin ɗin muka tafi Gummi. Ma'aikaciyar jinya da ta duba shi ta haska kunnen da 'yar fitila, ta tambaye shi ko ya taɓa fitar da ruwa ko mugunya, ko yana masa ciwo. Ni na amsa, don shi ya riga ya ce mata amin. Ta ce dauɗa ce ta daskare ta toshe hanya. Ta sa mu riƙa ɗiga man zaitun na 'yan kwanaki don ta yi laushi, sannan mu komo.

Da muka koma, ta kara masa ɗan kwano a ƙarƙashin kunne, ta ɗura ruwan ɗumi da sirinji a hankali. Abin da ya faɗo a kwanon nan, baƙi ƙirin, ya kai ƙwallon magarya. A jikinsa akwai kan auduga, da kuma ɗan guntun gashi da na rantse na wake-waken kazata ne.

Maigidana ya yi tsuru, ya dubi fankar da ke juyawa a sama. "Wai fankar ga ƙara taka yi?"

Matar ta yi dariya. Ta ce dauɗar nan ba ƙazanta ba ce, ita ke tare ƙura da ƙwari, kuma kunne da kansa yake turo ta waje. Abin da ya fito a goge da tsumma mai laushi, ciki kuwa kada a saka komai.

A hanyar dawowa bai bar mu mun yi tafiyar kirki ba. Da mun ɗan miƙa sai ya tsaya, ya sauka ya zagaya mashin yana leƙe, wai wani abu na shirin ɓallewa. Muna shiga gari ya wuce wurin bakanike. Bakaniken ya saurari injin ya ce, "Ai tun bara haka yake kuka. Ni ban ji sabon abu ba." Daga nan ya je ya ba maƙwabcinmu haƙuri, ya kuma taya shi kwaɓin ƙasa har aka tayar da katangar.

Inna da ta ga ɗanta na jin raɗa, sai ta ce ita ma a kai ta a ciro nata. Muka kai ta. Matar ta haska nan, ta haska can, ta ce kunnen Inna tas yake, rashin jin nata na shekaru ne. Ɗanta ya sunkuya ya faɗa mata a kunne. Inna ta gyara lulluɓi, ta ɗauki sandarta, ta ce yarinyar ba ta leƙa da kyau ba ne, tun da ta ga tsohuwa ta ƙi wahalar da kanta.