Hayaƙin Bom a Siton Bayan Ƙofar Guga

Har gobe ban mance da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da sitonmu na bayan Ƙofar Guga ya kama hayaƙi. Ku da kuka shigo sana'ar maganin gona daga baya kun ji labarin a bakin mutane, kowa da irin nasa. Ni ina wurin, kuma rabin kayan da ke ciki nawa ne, don haka gara ku ji daga bakina.

Mu biyu muka kama siton, ni da Alhaji Mani, wanda muka fara yawon kasuwannin ƙauye tare tun muna ɗaura kwali a bayan babur. Lokacin da muka shiga, gonaki ne kewaye da wurin. Kafin shekara goma gidaje sun manne masa ta kowane gefe, har katangarsa ta baya ta zama bangon ɗakin wata tsohuwa, Inna Hure. Muna gani ba mu tashi ba, saboda wurin na kusa da titi, sauke kaya ba wuya.

Abin da muka fi tarawa a shekarar shi ne bom, ƙwayar nan mai launin toka da ake sakawa a buhun wake ko rumbun hatsi don kashe ƙwari. Ga wanda bai sani ba, ƙwayar ba ta aiki sai ta ji danshi. Da ta ji, sai ta fara fitar da iska mai warin tafarnuwa, kuma iskar ce ke kisa. Idan ƙwayoyin na da yawa ruwa ya same su, suna iya kama wuta da kansu. Shi ya sa suke zuwa a gwangwani rufe gam. To amma manomi ba ya sayen gwangwani, ƙwaya uku ko biyar yake so. Sai muka riƙa buɗewa muna ƙullawa a leda tun kafin kaka, muna jerawa a kwali. Ga kuma kwanon rufi yana yoyo ta kusurwar gabas. Tun farkon damina na ce wa Alhaji Mani a kira mai gyara, ya ce bari ruwa ya ɗan ɗaga, ni ma ban matsa ba.

Ran nan aka yi ruwa tun hantsi har kusan azahar. Ina shago aka bugo mani waya cewa hayaƙi na fita ta tagar sito. Kafin in iso, Malam Rabe ladan ya riga ya yi shela ta lasifikar masallaci cewa gobara ta tashi, a kawo ɗauki. Kun san mutanen garin nan, ba a tambayar ta wa ce. An ɓalle kwaɗon ƙofa, maza sun yi layi suna miƙa bokiti hannu da hannu, mata na turo robobi ta zaure.

Wanda ke gaba shi ne Malam Iro mai ga-ruwa, magidanci mai furfura, wanda ya daɗe yana ba unguwar ruwa. Ya turo kurarsa cike da jarkoki har bakin ƙofa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana shiga yana tuttulawa yana fitowa. Duk jarkar da ya juye, sai farin hayaƙin ya ƙara kumbura.

Tun daga bakin lungu warin ya doke ni, na san abin da ake ciki. Na ɗaga hannu ina cewa, "Ku dakata! Ku bar zuba ruwa, magani ne a ciki!"

Malam Iro ya juyo yana tari. "Yo Alhaji, ai don shi muke sauri. Dukiyarka ce za ta ƙone."

"Na ce ka fito, Malam Iro. Maganin ƙwari ne!"

"Halan ni ƙwaro ne?"

Aka yi dariya, wani ya miƙa masa wata jarkar.

Nan ne laifina, kuma ba zan ɓoye maku ba. Na san kalmar da za ta tsayar da su. Amma shekara ashirin ina kiran abin nan magani, kuma rabin mutanen da ke layin nan a wurina suke saya, a waken da iyalinsu ke ci suke sakawa. Idan na kira shi guba a gabansu, na san abin da za a ce da ni gobe a kasuwa. Sai na tsaya lalube, ina neman kalma mai sauƙi. Na ce yana da ƙarfi. Na ce ba ya son ruwa. Wani daga baya ya ce, "Dama wace wuta ke son ruwa, Alhaji?" Ban san tsawon lokacin da na ɓata ba, amma a cikinsa Malam Iro ya shiga sau uku. Ina tsaye ina kallo.

Abin da ya farkar da ni wata akuya ce da ke ɗaure jikin katanga. Na ga ta durƙushe, ta yi shure-shure, ta miƙe. Na ruga masallaci, na tarar da Malam Rabe a ƙofa.

"Mi ya faru, Alhaji?"

"Kunna mani lasifika, Malam."

Na ce, "Jama'a, ni ne mai sito. Abin da ke ciki guba ce, mai kashe mutum. Ruwa ke tada ta. Kowa ya ajiye bokiti, a fito da mata da yara, a nufi inda iska ke busowa." Sau biyu kawai na faɗa. Kafin in fito, lungun ya watse, sai bokitai a kife.

Da 'yan kwana-kwana suka iso, shugabansu ya fara tambayar abin da ke ciki. Na nuna masa wani tsohon gwangwani daga motata. Ya karanta, ya hana a warware mesa, ya ce busasshen yashi yake so. A damina wannan ba abu ne mai sauƙi ba, sai a rumfar wani mai buga bulo aka samu. Da shi aka binne kayan.

Malam Iro na zaune gindin bishiyar bedi yana dafe ƙirji. Wata mata ta kawo masa nono a kwano. Na ce ya tashi mu tafi asibiti.

"Ba ni zuwa, Alhaji. Nauyi ne kurum nake ji. Jarkokina biyu na ciki hwa."

Da ƙyar muka sa shi a mota. Likita ya ja ni gefe ya ce wannan iskar ba ta da makari, sai dai su taimaka wa numfashinsa su ga abin da Allah zai yi. Washegari bayan la'asar Malam Iro ya cika. Inna Hure kuwa kunnenta ba ya ji sosai, ba ta ji shela ba, ba wanda ya tuna da ita sai da aka natsa. A kan tabarmar sallarta aka same ta, rai ya yi halinsa. Waɗanda suka kwanta asibiti suna amai da tari ban san yawansu ba. Akwai wani tela a lungun da har yau ba ya iya doguwar tafiya sai ya tsaya ya huta.

Hukuma ta rufe siton, aka ɗauki bayaninmu, na faɗi yadda aka yi ban rage ba. Amma tambayar da ta fi yi mani nauyi a wurin zaman makoki aka yi mani ita. Yayan marigayin, Malam Sada, ya bari mutane suka ragu, sannan ya matso.

"Alhaji, Iro ya san mi ke ciki?"

"Bai sani ba."

"Kai hwa?"

"Na sani, Malam."

Sai ya ce, "Kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah. Amma Iro na jin magana, Alhaji. Da ka faɗa mashi, da ya fito."

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu idan sun ga hayaƙi ba gudu suke yi ba, wurinsa suke nufa, ko da kayan na wanda ba su sani ba ne. Duk wanda ya ajiye irin kayanmu a tsakiyar irin waɗannan mutane, dole ya gaya masu sunan abin na gaskiya tun ana zaune lafiya, kuma da bakinsa. Ni na faɗa, amma sai bayan Malam Iro ya shiga sau uku.